Maigidana ya ce gara a binne shi cikakke da a yi masa aiki

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana da garinmu.

Shekarata 46, maigidana 58, aurenmu shekara 29, 'ya'yanmu shida, kuma ina da abokiyar zama. Hatsi yake sayarwa. Tun kafin azumin bara ya fara ƙaurace wa shimfiɗa. Ranar girkina sai ya kwanta a falo ya ce zafi ya yi yawa. Na ɗauka ni ya gaji da ni, har muka yi 'yar tsama da amarya, ashe ita ma haka yake yi mata. Wata rana ina wanki na ga jini da ruwa-ruwa a gajeren wandonsa, ga wari. Da na matsa masa da kuka ya nuna mini. Gyambo ne a kan gabansa, gefensa ya yi tauri. Ya ce ya fi shekara yana shan maganin sanyi daga kemis, yana fasa kafso yana barbaɗawa.

Da ƙyar na kai shi asibitin koyarwa. Suka yanki ɗan nama suka kai gwaji, sakamako ya fito wai ciwon daji ne. Likita ya ce sai an yanke wani sashe na gaban, kuma tunda ya taɓa ya ji kaluluwa a matsematsinsa na hagu, nan ma sai an yi aiki. Yau wata biyu ke nan bai koma ba. Ya ce gara a binne shi cikakke. Yayansa, wanda shi kaɗai ya sani bayan ni, ya ce daji ba ya son ƙarfe, ya kawo mai magani, aka karɓi naira dubu 180 aka ba shi na sha da na shafawa. Gyambon sai ƙaruwa yake.

Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko babban ɗanmu. Anti, idan aka yi aikin zai rayu? Idan ya rayu, wace irin rayuwa? Na ji an ce masu kaciya ba sa yin wannan ciwo, to shi ina ya samo? Zuciyata tana raya mini abubuwa. Ni da amarya za mu iya ɗauka? Ba na barci.

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu. Allah Ya ba Malam lafiya, ke kuma Ya saka miki. Wata biyu kina tuƙa tuwo, kina amsa gaisuwar maƙwabta, kina shirya yara makaranta, da wannan dutse a ƙirjinki. Ke kika ga wandon, ke kika tambaya, ke kika kai shi asibiti, don haka ba zan yi miki rufa-rufa ba. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin maza na tiyata kafin na ajiye, kuma da idon wancan aikin na karanta wasiƙarki.

Kin tambaya ko zai rayu. Rai na hannun Allah, ni da ke mun san haka, amma likitoci sun daɗe suna ƙirga abin da ke biyo bayan wannan ciwo. Ciwo ne da ba a cika samu ba. A duniya gaba ɗaya, maza 36,000 da 'yan kai aka gano da shi a 2020, shi ya sa za ki zagaye unguwarku ba ki sami wanda ya taɓa jin labarinsa ba. A Amurka, inda suke da rajista mai kyau, idan aka yi maganinsa yana nan a gaban bai matsa ko'ina ba, kusan 8 cikin 10 suna tsallake shekara 5. Idan ya kai ga kaluluwar matsematsi, lissafin ya koma kusan 5 cikin 10. Idan ya yi nisa, ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, bai fi 1 cikin 10 ba. Lissafin taron mutane ne, ba ya faɗin ranar kowa. Abin da yake nunawa shi ne ciwon yana warkewa, kuma warkewar tana bin matakin da aka tare shi.

Wannan ne ya sa, a duk wasiƙarki, kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce kaluluwa. Wannan ciwo ba ya yin tsalle. Daga gaban namiji yakan sauka cikin 'yan ƙwayoyin da ke matsematsi, waɗanda suke kumbura idan yaro ya yi tuntuɓe yatsansa ya ruɓe. Daga nan ya shiga na cikin ƙugu, sannan ya yi nisa. Ba kowace kaluluwa ba ce daji, domin gyambo mai ruwa shi kaɗai yana iya tayar da ita. Sai dai hannu ba ya bambancewa, sai an yi hoto an sa siririyar allura an zuƙo abin da ke ciki an duba. Idan ƙwaya ɗaya ko biyu ce a gefe ɗaya, aka cire su da wuri, mafi yawan maza suna warkewa. Da zarar ya wuce zuwa na cikin ƙugu, magana ta canza sosai. Masana aikin sun fi so a gama da matsematsi cikin wata uku da gano ciwon. Ku kun ci biyu. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki daga nan, na wannan makon ne, kada ki ajiye shi sai bayan kaka ko sai kasuwa ta buɗe.

Sai shi Malam. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin taurin kai kawai. Mutum mai shekara 58, mai mata biyu, wanda ake tashi a ba shi wuri a rumfa, an ce za a taɓa abin da tun ranar da wanzami ya yi masa shayi aka nuna masa da shi ake zama namiji. Shekara guda yana kwana a falo shi kaɗai yana barbaɗa kafso a cikin duhu, ai kunya ce ta riƙe shi, kuma har yanzu ita ce. Na tausaya masa ƙwarai. Amma akwai abin da bai sani ba, kuma dole ke ki sani: wannan ciwo ba ya barin mutum cikakke. Idan aka ƙyale shi, yakan cinye gaban da kansa a hankali, warin ya kai inda turare ba ya rufe shi, kaluluwar ta fashe ta zama gyambo, wani lokaci ta ci har jijiyar jinin cinya. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa komai ba ba sa wuce shekara biyu, kuma shekarun wahala ne. Abin da yake ƙoƙarin ceto da ƙin zuwa asibiti, ƙin zuwan ne zai raba shi da shi gaba ɗaya. Girman abin da likita zai yanka yana bin girman gyambon ne, kuma kin ce da bakinki ƙaruwa yake.

Ina kuma zargin cewa da ya ji kalmar yanka, kunnensa ya toshe, bai ji sauran bayanin ba. Haka suke yi, kusan dukansu. Aikin hawa-hawa ne. Wanda ya zo ciwon yana saman fata kawai, man shafawa na asibiti ko ƙonawa da haske yakan isa, amma gyambon da ya shekara ya yi tauri ya wuce nan. Mataki na gaba shi ne a cire kan kaɗai, a yanko siririyar fata daga cinya a rufe wurin, ya yi kama da yadda yake. Sai wanda ake yanke wani sashe a bar saura, wanda da alama shi likitanku yake nufi. Sai na ƙarshe, a cire duka. A da, ƙa'ida ita ce a yanke har santimita 2 na lafiyayyen nama bayan iyakar ciwon. Yanzu an gano 'yan milimitoci sun wadatar idan gwaji ya nuna gefen ya fita tas, don haka ana barin fiye da yadda ake bari a da. Akwai kuma gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, wanda ake yi wa ƙaramin ciwo da bai kai santimita 4 ba, ko da yake yakan bar tabo ya matse hanyar fitsari, kuma ba ya ɗauke wa mutum maganar matsematsi. Idan kaluluwar ta yi girma ko ta manne, sukan fara da kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, galibi zagaye huɗu, don ta saki kafin a yi aiki.

Ku koma wurin likitan da tambayoyi a rubuce. Nawa za a cire, nawa za a bari? Za a iya tsayawa a kan kaɗai? Yaushe za a duba kaluluwar da allura, kuma ana buƙatar hoton ciki da ƙirji? Aikin biyu rana ɗaya za a yi ko a rabe? Idan Malam yana son jin bakin wani likita kafin ya yarda, haƙƙinsa ne, kuma sau da yawa shi ke kwantar wa namiji da hankali. Akwai likitocin mafitsara a asibitin Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ku riƙe takardar sakamakon naman a hannu don kada a sake farawa daga farko. Amma jin baki na biyu na kwana bakwai ne ko goma, kada ya zama wata sabuwar hanyar ɓuya.

Wace irin rayuwa, kika ce. Galibi ba a taɓa maraina, saboda haka muryarsa, gemunsa, ƙarfin jikinsa da sha'awarsa suna nan. Maza da yawa da aka yanke wa sashe, abin da ya rage yana miƙewa, suna jin daɗi, suna biyan buƙata, har wasu sun haihu bayan aikin. Tsawo zai ragu, yadda yake ji zai canza, kuma watannin farko tsoro kan hana abin da jiki zai iya. A nan haƙurinki da na amarya zai yi aikin da magani ba zai yi ba. Ko da ta kai ga cire duka, ana buɗe wa fitsari hanya a ƙarƙashin maraina, mutum yana riƙe fitsarinsa kamar da, sai dai a tsugune zai yi. Littattafan Turawa sun cika damuwa da cewa mutum ba zai ƙara yin fitsari a tsaye ba. Nakan yi murmushi idan na karanta, domin namu mazan da buta a hannu suke tsugunawa tun suna yara. Tsarkinsa da alwalarsa da sallarsa ba abin da zai taɓa su, in ban da 'yan kwanakin da zai yi da robar fitsari.

Na tuna wani dattijo manomi da muka yi jinya bayan irin wannan aiki. Kwana uku fuskarsa na kallon bango, ko sannu ba ya amsawa, matarsa na zaune a tabarma bakin baranda da kwanon kunu yana hucewa. Ranar da aka cire robar, ya ce a miƙo masa butarsa. Ya ja ƙafa ya shiga bayi shi kaɗai, ya daɗe, har na fara tunanin in ƙwanƙwasa. Da ya fito bai ce komai ba, ya zauna bakin gado ya yi alwala, sannan ya ɗaga kai ya tambayi matar ko an sayar da waken da ya bari. Daga ranar ya fara cin abinci.

Aikin matsematsi ne ma ya fi wahalar jinya, gara ki sani tun yanzu. Za a bar 'yar roba tana tsiyayar da ruwa na kwanaki, ɗinkin yakan yi jinkirin kamewa, kuma wasu ƙafarsu takan riƙa kumbura daga baya, sai an riƙa ɗaga ta ana sa matsattsiyar safa. Bayan sallama za a riƙa ganinsa duk wata uku a shekara biyun farko, domin a nan ne ciwon ya fi dawowa, sannan a ci gaba da bibiya har shekara 5.

Yaya kuma, kada ki mai da shi abokin gaba. Ƙaninsa yake so, da abin da ya sani yake taimako. Wannan magana ta daji ba ya son ƙarfe tana da inda ta samo asali: mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gama bin jiki, a yi aiki, mutum ya rasu bayan wata biyu, sai a ce wuƙa ce ta fusata shi. Waɗanda aka yi wa da wuri suka warke ba sa yin shela, balle a ciwo irin wannan, shi ya sa labarinsu ba ya zuwa kunnen Yaya. Ki gaishe shi da girmamawa, ki gode masa, ki ce wata biyu an gwada kuma shi ma zai iya tambayar ƙaninsa ko gyambon ya ragu. Sannan ki roƙe shi, a matsayinsa na babba, shi ya jagoranci komawa asibiti, ya zauna gaban likita ya yi tambayarsa ta ƙarfe da bakinsa. Babba idan aka ba shi gaba yakan sauko da sauri fiye da idan aka ce ya yi kuskure. Addu'a, rubutu, zamzam, sadaka, duk a ci gaba, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Na shafawar nan dai a daina yau, a riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Na shan kuma ku tafi da shi ku nuna wa likita, domin wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa ƙoda, kuma kemo yana buƙatar ƙoda mai lafiya.

Batun abin da zuciyarki ke raya miki, na gane shi ba sai kin fayyace ba. Gaskiya ne kaciya tun ƙuruciya tana rage wannan ciwo sosai, shi ya sa ya yi ƙaranci a cikinmu, ya fi yawa a wurare irin arewa maso gabashin Barazil da Yuganda. Ragewa take yi, ba ta toshe ƙofa. Tsufa, shan sigari, wani ciwon fata mai sa wurin ya yi fari ya ƙeƙashe, raunin garkuwar jiki, duk suna kawo shi. Ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa, tana da hannu a kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu ciwon, sauran babu ita sam. Ko inda take, ƙwaya ce da mafi yawan masu aure suke haɗuwa da ita a rayuwarsu ba su sani ba, tana iya kwanciya shekara ashirin ko talatin, kuma ba gwajin da zai ce ga ranar da ta shiga ko ga wanda ya kawo ta gidan. Ba ki da hujja a kansa, kuma wannan ciwo ba zai ba ki ita ba. Ki ajiye wannan tuhumar. Idan yana shan sigari, shi ne abin da za ki yi faɗa a kai.

Dajin kansa ba a ɗaukarsa, ko ta kwano, ko ta wanki, ko ta shimfiɗa. Amma saboda HPV ita ce ke jawo dajin bakin mahaifa, ke da amarya ku je a duba ku, gwaji ne na 'yan mintoci. Idan likita ya ce a yi wa Malam gwajin HIV, kada ranki ya ɓaci, kowa ake yi wa kafin irin wannan magani. In kuna da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 aka fara yi musu rigakafin HPV kyauta a asibitocin gwamnati a Najeriya.

Wannan ya kawo mu ga amarya da rantsuwar. Baiwar Allah nan tana can tana zaton an tsane ta, ko kuma ke kika shiga tsakani, ga shi lafiyarta ma tana cikin maganar. Tana da haƙƙin sani, kuma daga bakinsa ya fi. Babban ɗanku ma haka: jinya tana son mai kwana a asibiti, mai bin layin biyan kuɗi, mai ba da jini, mai riƙe rumfa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sauran dangi da 'yan kasuwa kuwa, "an yi masa aiki a mara" ya ishe su, kuma ba ƙarya ba ce. Ki fara neman izininsa, mutum biyu kawai, ki ambaci sunansu. Idan ya ƙi, kwana uku suka wuce bai motsa ba, ni dai a ganina ki faɗa wa ɗanku. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumi uku. Ki tambayi malamin da kika amince da shi ba tare da kin kama suna ba. Malam zai yi fushi, ki shirya wa hakan.

Kafin nan, ki same shi ku biyu bayan isha'i, ba yara, ba Yaya. Kada ki fara da lissafin da na ba ki, wannan na likita ne. Abin da ya hana shi barci bai wuce tambaya ɗaya ba, wadda ba zai taɓa yi miki da baki ba: idan aka yi, za ki zauna? Za ki riƙa kallonsa kamar da? Ki amsa masa tun bai tambaya ba. Ki ce masa, "Malam, shekara guda ke nan ba abin da ya shiga tsakaninmu, ka ga na tafi? Kai nake so a gidan nan, ka aurar da 'ya'yanka da hannunka." Idan da gaske ne a ranki, zai ji. Sannan kada ki nemi ya yarda da aiki a daren. Ki roƙi abu ƙarami: ya zo a yi hoto a duba kaluluwar, ya ji bayani da kunnensa, in ya so likita namiji ya gan shi shi kaɗai ke kina waje. Da yawa daga nan suke sauka da kansu.

Kuɗi kuma, ku nemi a rubuta muku ƙiyasin aikin da gwaje-gwaje, ku leƙa ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, in yana da inshora a bincika abin da ta ɗauka. Buhunan da za a sayar a sayar yanzu, kada a ƙara kai ko sisi wurin mai magani.

Idan duk an yi ya tsaya a kan bakansa, jikinsa ne, ba a ɗaure baligi a kai shi tiyata. Ko a hakan kada ku yanke da asibiti, akwai maganin zafi, akwai wankin gyambo da abin kashe wari, kuma mutum yakan sauya ra'ayi idan ƙofa na buɗe. Amma in kika ga jini yana zuba ba ya tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ko kaluluwar ta fashe, wannan ba a jiran izinin kowa, ku nemi mota ko da tsakar dare ne.

Ke ma ki samu ki runtsa, ko na awa biyu ne da rana, jinya doguwa ce a gabanki. Yau da daddare ki nemo katin asibitin da takardar sakamakon, ki haɗa su da robar maganin Yaya a leda ɗaya, ki bincika ranar da likitocin mafitsara suke ganin marasa lafiya a makon nan. Idan kun dawo, ki rubuto mini abin da aka ce game da kaluluwar.